Jibbar Ansaru: Yadda Faci Ya Zama Kayan Sarki a Sudan

Tun kafin ƙarni na 19, sufaye a ƙasashen Musulmi sun saba sa riga mai faci, wadda Larabawa ke kira muraƙƙa'a, domin nuna zuhudu da juya wa duniya baya. Idan rigar ta yage, sai a nemi ƙyalle kowane iri a toshe wurin, ba a duba launi ko tsari. Irin wannan riga Muhammadu Ahmad ya ɗauka lokacin da ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba, a kan Farin Nilu, a shekarar 1881.

Mahadi ya sa wa mabiyansa suna Ansaru, ya kuma umarce su da sa jibba mai faci. Hikimar umarnin a fili take. Rundunarsa ta haɗa kabilu masu yawa, kowace da irin suturarta, akwai attajiri, akwai matalauci. Da kowa ya shiga farar riga ta saƙin auduga mai faci, sai bambancin ya ragu, kuma a fagen fama mayaƙi ya iya gane ɗan'uwansa daga nesa.

Bayan an ci Khartoum a watan Janairun 1885, Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mai da Omdurman cibiyar mulki. A zamaninsa ne ɗinkin ya sauya. Teloli suka riƙa yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, shuɗi da ja da baƙi, suna jera su daidai wa daida a gaba da baya da hannuwan sabuwar riga wadda ba ta taɓa yagewa ba. Jibbar manyan kwamandoji kuwa har da ado a wuya da bakin aljihu. Ta haka facin da aka fara sawa don ƙasƙantar da kai ya koma alamar muƙami.

Rigar ba ta tsaya a Sudan ba. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya karɓi jibba da tutar Mahadiyya, kuma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya haɗa kai da shi na ɗan lokaci.

Ranar 2 ga Satumba 1898, a dagar Karari, bindigogin rundunar Kitchener suka kashe Ansaru kimanin 10,000. Sojojin Ingila suka kwashi jibbobi a matsayin ganima, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka saura suke gidajen tarihi na Birtaniya a yau. Mai nazari yakan kimanta shekarun kowace riga daga tsarin facinta: wadda facinta ya warwatse ta fi kusa da zamanin Mahadi, mai tsararren faci kuwa ta zamanin Halifa ce.