Radha da Rabi: Tsakanin Indiya da Kano

Mai karatu, in ka taɓa zama a ɗakin iyayenmu mata a nan Wudil ana kallon Mother India, to ka san yadda ake sharar hawaye da bakin zane. Fim ɗin ya fito a 1957, shekara 10 bayan Turawan Ingila sun saki Indiya. Darakta Mehboob Khan ya sa Nargis ta fito a Radha, matar da miji ya tafi ya bari da 'ya'ya, da gona, da bashin Sukhilala mai cin riba.

Amma fa Radha ba mace kaɗai ba ce, ƙasar Indiya ce sukutum aka ɗaura wa zane. Aikinta haƙuri, har ta kai ga harbe ɗanta Birju saboda ya sace 'yar mutane. Shi ya sa daga baya mata masu nazari a can suka yi ƙorafin cewa an ɗaukaka uwa, amma ba a ji ta bakin macen ba.

Da finafinan Indiya suka shigo Kano ta gidajen siniman Kwara, maza ne 'yan kallo. Sai da talabijin da kaset ɗin bidiyo suka shiga gidaje sannan matan kulle suka samu rabonsu. Ana nan kuma sai suka ɗauki biro.

A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne. Rabi ma miji ya kore ta da 'ya'ya 9 bayan ya yi amarya. Sai dai ita ba a mai da ita tutar ƙasa ba. Sayar da abinci ta kama, tana lissafin kuɗin cefane da na makaranta. Da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya aka matsa mata ta koma, marubuciyar ba ta kira wannan nasara ba. Ta bar ka da ɗacin abin.

Ana yawan zargin marubutanmu da wankiyar Indiya. To, a 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai ya buga fassarar Aliyu Kamal ta wannan littafi da Turanci. Ka ga kenan jikokin Radha ne ke karanta Rabi. Kafin ka sake cewa "littattafan soyayya ne kawai", daure ka tambayi yayarka abin da ta gani a ciki.