Zakaru da Yawa a Gida Ɗaya: Nazarin Kiwon Kajin Gida a Unguwannin Arewacin Kogin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar tara zakaru a garken kajin gida a unguwannin birnin Kaduna da ke arewa da kogi. An bi binciken masana halayyar kaji, aka auna shi da yanayin gidajen waɗannan unguwanni. An gano cewa faɗan zakaru da wahalar da matan kaji ke sha sun fi alaƙa da ƙuncin fili da ƙarancin matan, fiye da yawan zakarun kansu. An ba da shawarar raba zakaran iri da zakarun ajiya.

Muhimman kalmomi: zakara, kajin gida, akurki, Kaduna

1.0 Gabatarwa

A Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Hayin Banki da Tudun Wada, kiwon kajin Hausa ya fi zama a hannun mata da yara. Kaza takan yi kwanci na kwana 21, kuma kusan rabin 'yan tsakin da za ta ƙyanƙyashe maza ne. Ke nan duk mai kiwon da kazarta ta yi ƙyanƙyasa biyu ko uku, ba makawa zakaru za su taru mata. Shawarar da aka saba ji ita ce a bar ɗaya a rabu da sauran. Sai dai ga mai kiwo, zakara asusu ne: ana ajiye shi don Sallah, ko suna, ko baƙo, ko ranar da buƙata ta taso a kai shi kasuwar Kawo. Shawarar da ba ta lura da wannan ba, da wuya a yi aiki da ita. Manufar maƙalar ita ce nuna yadda za a riƙe zakarun ba tare da garke ya cutu ba.

2.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

A shekarar 1922 masanin ƙasar Nowe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya wallafa bayanin cewa kaji na zama ne bisa matakan girma, na sama ya tsattsagi na ƙasa ba tare da an rama ba. Zakaru ma haka suke a junansu. Da zarar kowa ya san matsayinsa faɗa yakan lafa, muddin na ƙasa yana da wurin da zai kauce.

Binciken Shimmura da Yoshimura na Jami'ar Nagoya a Japan ya nuna a 2013 cewa carar asuba tana bin agogon jikin zakara. A 2015 kuma Shimmura da abokan aikinsa suka nuna cewa babban zakara ne ke fara cara, sauran su biyo baya bisa matsayinsu. Haka nan Pizzari da Birkhead sun nuna a 2000 cewa kaza na iya fitar da maniyyin zakaran da ke ƙasa bayan ya taka ta. Wannan na nufin ƙananan zakaru na iya wahalar da kaza ba tare da sun ƙara wani abin kirki ga ƙyanƙyasa ba.

Ma'aunin da masana kiwo suka fi bayarwa shi ne zakara ɗaya ga kaji kamar goma. Kaza takan adana maniyyi a jikinta har wajen mako biyu, don haka ba ta buƙatar yawan taku. Idan kuwa ƙwan ci ake so, tana yin sa ko babu zakara.

3.0 Yanayin Gidajen Kaduna

A ƙauye kaji kan bazu a bayan gida da gonaki, kowane zakara ya ja matansa gefe. A cikin birni lamarin ya sha bamban. A Tudun Wada da Unguwar Shanu akwai gidajen haya masu yawa da ke da tsakar gida ɗaya, a Malali da Unguwar Rimi kuwa katanga ce ta kewaye yawancin gidaje. Tsoron sata da motoci yakan sa a kulle kajin. Zakaran da aka fi ƙarfi ba shi da mafaka, sai a yi ta bin sa har a raunata masa zanko ko ido da baki da ƙaimi, a kuma hana shi abinci ya rame. Asusun mai kiwo ne ke raguwa a nan.

Matan kaji su ma suna ɗanɗana kuɗarsu. Idan zakaru huɗu na kan kaji biyar, gashin bayansu da na ƙeya yakan tsige, fata ta yage, ƙwai ya ragu. Ga kuma carar da ke bin juna tun kafin kiran sallar asuba, wadda kan jawo ƙorafi tsakanin maƙwabta.

Haɗari mafi girma shi ne sabon zakaran da aka sayo daga kasuwa aka saka cikin garke nan take. Yakan rushe matakan da aka riga aka daidaita, kuma yana iya shigo da cuta. Cutar Newcastle takan yi tsanani a lokacin hunturu. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 kuwa, a wata gonar kaji da ke Jaji a ƙaramar hukumar Igabi aka fara tabbatar da ita a Afirka, a watan Fabrairun 2006.

4.0 Shawarwari

Na farko, a zaɓi zakara ɗaya lafiyayye a bar wa matan. Ba a ƙara na biyu sai kajin sun doshi ashirin kuma da fili. Na biyu, sauran zakarun a yi musu akurki daban inda ba sa ganin mata, domin zakarun da suka tashi tare sukan zauna lafiya idan babu abin da za su yi kishi a kai. Na uku, a raba kwanon dusa da na ruwa gida biyu nesa da juna, a jingina tsohon kwano ko tabarma inda na ƙasa zai ɓuya. Na huɗu, a killace duk sabon zakara aƙalla mako biyu, a kuma yi wa garke rigakafin Newcastle kafin hunturu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa irin wannan rigakafi, har da mai jure zafi. Na biyar, a riƙa musanya zakaran iri da na wani gida, don kada uba ya yi ta taka 'ya'yansa iri ya raunana.

5.0 Kammalawa

Tara zakaru a gidajen arewacin Kaduna dabara ce ta tattali, kuma ya kamata malaman gona su ɗauke ta a haka. Abin da ke buƙatar gyara shi ne cakuɗa zakarun ajiya da matan kaji a ƙuntataccen wuri. Akwai buƙatar masu bincike, musamman na Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, su auna girman filin da zakaran Hausa ke buƙata a gidan birni, domin a samu ma'aunin da ya dace da masu kiwon nan.