Zare: Kududdufin kifin da ba ya zubar da komai

1/ Jama'a, yau ƙasar Sin zan kai ku, yankin Huzhou a lardin Zhejiang. Fadama ce, ambaliya ta sha cinye musu gonaki.

2/ Ɗaruruwan shekaru baya, manoman can suka haƙa kududdufai. Ƙasar da suka tono suka tara a gefe, suka dasa bishiyar malberi a kai.

3/ Ga lissafin: ganyen malberi abincin tsutsar siliki ne. Kashin tsutsar a zuba wa kifi. Lokacin sanyi a kwaso taɓon kududdufi, ya zama takin bishiya. Datti bai kai kogi ba, kuma manomi ya ci kuɗin siliki, ya ci na kifi.

4/ A 2017 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sa tsarin cikin kayan gadon noma na duniya.

5/ Mu kuwa, mai kiwon tarwaɗa sai ya saki ruwan wari a kwata, maƙwabta na toshe hanci. Ni dai asara nake gani. Ruwan nan taki ne, a juya shi kan alayyafo da tumatir mana.