Daga Aci-bal-bal Zuwa Sola: Tarihin Dare A Gidajen Birnin Gwari

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda ake haska ɗaki a finafinanmu? Wai tsakar dare ne, jaruma na kuka a bakin gado, amma ɗakin tarwai kamar azahar a Kantin Kwari. In na ga haka sai in tuna gidanmu na Birnin Gwari, inda fitila da sauti ke gaya maka irin daren da ake ciki tun kafin wani ya buɗe baki.

A zamanin kakata aci-bal-bal ce fitila: ɗan kasko, man gyaɗa ko man kaɗe, da lagwanin auduga. Haskenta bai wuce tabarma guda ba, dole a matsu, kuma cikin matsuwar nan tatsuniya ke daɗi. In da farin wata 'yan mata su fice dandali gaɗa, in an kawo amarya shantu ya tashi a ɗakinta.

Sai fitilar ƙwai ta zo da kananzir, rediyo ya biyo baya. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya riƙa shigo da Shata da Ɗanmaraya har cikin zaure. Amma fa akwatin na maigida ne, shi ke murɗawa, shi ke lissafin batir. Kaset ne ya ba mata nasu rabon: a sa Barmani Choge ta Funtuwa, a rage lagwani, ana ɓarar gyaɗa ana rausaya.

Ni a zamanin bidiyo na buɗe ido, bayan Sangaya da Wasila sun cika gari da kiɗan fiyano a wajajen 2000. Wutar lantarki baƙuwa ce a unguwarmu, sai ƙaramin janareta. A kashe ƙwan ɗaki don a bar wa talabijin ƙarfi, shuɗin hasken allo ya sauka a fuskokin yaran maƙwabta, kowa baki buɗe. Amare kuwa har ƙwai ja ko kore suke ɗaurawa, wai su ma falon fim. Wallahi har gobe ban ga darakta ya ɗauki haske mai kyan wancan ba.

To, duk wannan a gefen daji ake yin sa. Dajin Kamuku, da gwamnatin tarayya ta mai da gandun ƙasa a 1999, labarin giwaye muka san shi da shi. A Oktoban 2012 'yan bindiga suka afka wa masallata da asuba a Dogon Dawa, shekarun da suka biyo baya kuwa ka san su. Danginmu da suka gudo daga ƙauye sun ce haske da kansa ya zama abin tsoro. Bayan isha ba tocila, ba rediyo, ko wutar murhu sai an yayyafa mata ruwa, don kunne na jiran ƙarar babur. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankin har kusan ƙarshen Nuwamba. Mai son waƙa sai ya koma ga rediyo, ko ya kai memori a tura masa a shago, ya saurara a ƙasan bargo.

A Nuwamban 2024 gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu da 'yan dajin, aka sake buɗe kasuwar shanu. Da na je gida bayan nan, na tarar da fitilar sola rataye a tsakar gida, yara na jin waƙar fim a waya. Ana idar da isha, gwaggona da ta gudo daga ƙauye ta miƙe ta sauke fitilar, ta kifa mata kwano.

Na ce, "Gwaggo, ai an yi sulhu."

Ta ce, "Na ji, ɗan nan. Ku dai rage wannan waƙar."