Raƙumin dawa na Nijar: yawansa na ƙaruwa, dajinsa na ƙarewa

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Giraffa camelopardalis peralta, babu inda ya rage yanzu a cikin daji sai ƙasar Nijar. Ana bambanta shi da sauran raƙuman dawa na Afirka da hasken fatarsa da ƙafafunsa masu fari-fari. Mazauninsa na asali shi ne yankin Kure da kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, tsakanin jihohin Tilaberi da Doso. Wannan kwari shi ne ya ratsa arewa ta Balleyara har Filinge, tsakiyar ƙasar Kurfai.

Yadda ya kusa ɓacewa

A farkon ƙarni na 20 ana samun wannan dabba tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta, faɗaɗa gonaki da farin shekarun 1970 da na 1984 suka shafe ta daga ƙasa bayan ƙasa. A shekara ta 1996 guda 49 kaɗai aka ƙirga a Nijar. Tamatar takan yi kusan wata 15 da ciki kuma ɗa guda take haifa, saboda haka garken da ya ragu yana daɗewa kafin ya farfaɗo.

Ba ita kaɗai ce wannan matsala ta shafa ba a Afirka ta Yamma. Birin nan mai kama da mutum da ake kira cimpanzi ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari a yankin tsakanin 1990 da 2014, ya kuma ɓace daga Benin da Togo, galibi saboda sare dazuzzuka da farauta.

Yadda aka ceto shi

Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji, kuma raƙumin dawa na cikin dabbobin da aka haramta kashewa. Jami'an gandun daji da ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawa sun yi aiki da ƙauyuka: an gina rijiyoyi, an ba mata ƙananan rance, matasa kuma suka samu aikin yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Zuwa 2017 adadin ya haura 600. A 2018 ƙungiyar IUCN ta sauke shi daga jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa zuwa matakin da bai kai wannan tsanani ba.

Inda matsalar take yanzu

Raƙumin dawa na Nijar ba ya cikin gandun da aka killace, yana zaune ne tsakanin gonaki da garkunan makiyaya. Da damina yakan hau tudun Kure da Fakara, inda dajin geza, sabara da anza ke tsirowa layi-layi. Da rani yakan gangara cikin dallol ya ci ganyen gawo da ƴaƴansa, domin gawo a lokacin rani yake fid da ganye.

Wannan daji na tudu shi ne ke shan gatari. Ana sare shi ana kai itacen girki kasuwannin Yamai, ana kuma share shi don sababbin gonakin hatsi. In aka sare layukan itatuwan, ruwan sama kan kwarare bisa ƙasa mai tsauri ya tafi, sai fako ya maye gurbin daji. Da abinci ya yi ƙaranci, raƙuman sukan faɗa gonakin wake da lambunan mangwaro, manomi ya yi asara, zaman lafiyar da aka gina tsakanin mutane da dabbar ya yi rauni.

Ƙarancin wuri ya sa garkunan suna bazuwa. Ana ganinsu yanzu can arewa wajen Fandu a gundumar Filinge, da Dingazi da Simiri. Ga mutanen Kurfai, daga Filinge zuwa Sanam, gawon da aka bari a gona yana ƙara wa ƙasa taki, yana ciyar da awaki da shanu da rani, kuma shi ne abincin wannan baƙo da ke matsowa.

Gida na biyu da matsalar tsaro

Don kada annoba ko fari guda ya shafe su duka, a watan Nuwamba 2018 an kwashe raƙuma 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace kusan shekara 50 da suka wuce. An ƙara 4 a 2022.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu da mai yi musu jagora, dukansu biyu ƴan Nijar. Bayan harin an rufe yankin ga baƙi, kuɗin yawon buɗe ido da ƙauyukan ke samu suka yanke. Kula da raƙuman ya koma hannun jami'an gandun daji da manoman da ke kwana da tashi da su.