Tsibirin Mafia

Tsibirin Mafia tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya da ke cikin Tekun Indiya, kudu da Zanzibar, daura da inda kogin Rufiji yake shiga teku. Shi ne mafi girma a cikin jerin ƙananan tsibiran da suka haɗa da Chole, Juani da Jibondo, kuma gunduma ce a yankin Pwani. Babban garinsa shi ne Kilindoni. Sunan ba shi da wata alaƙa da gungun 'yan ta'addan nan na ƙasar Italiya. Galibin mazauna Musulmi ne masu magana da harshen Swahili, sana'arsu kuwa kamun kifi da noman kwakwa da rogo.

Tarihi

Mafia ya daɗe yana kan hanyar fataken teku da ke zirga-zirga tsakanin gaɓar Afirka ta Gabas da ƙasashen Larabawa, kuma ya taɓa zama ƙarƙashin daular Kilwa. Har yanzu akwai kufan tsohon garin Kua a tsibirin Juani, da ragowar masallatai da kaburbura. Jamus ta karɓi tsibirin daga hannun Sarkin Zanzibar a shekarar 1890, sannan sojojin Birtaniya suka ƙwace shi a 1915.

Yawon buɗe ido

Abin da ya bambanta Mafia da Zanzibar shi ne ƙarancin baƙi. Babu jerin manyan otal-otal ko gidajen rawa. Masaukan ƙanana ne, yawancinsu a Utende da ke bakin mashigin Chole, wasu kuma kusa da Kilindoni. Daga Dar es Salaam ƙaramin jirgin sama yana kai mutum cikin kimanin rabin sa'a. Akwai kuma jirgin ruwa daga Nyamisati, ya fi araha amma yana ɗaukar sa'o'i.

Wanda ya zo neman doguwar gaɓa mai farin yashi zai iya jin bai samu abin da ya zata ba, domin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri sun rufe sassa da dama na bakin tekun, kuma idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai. Yashi mafi kyau yana kan tuddan da ke bayyana a tsakiyar teku bayan janyewar ruwa, inda ake kai baƙi da kwale-kwale su yi 'yan sa'o'i kafin ruwa ya dawo ya shafe wurin.

Daga Oktoba zuwa wajen Maris ana ganin kifin da mutanen wurin ke kira potwe a ruwan da ke gaban Kilindoni. Shi ne kifi mafi girma a duniya, amma ƙananan halittun ruwa yake ci, don haka mutane na ninƙaya kusa da shi. Kunkurun teku kuma na ƙyanƙyashe ƙwai a gaɓar Juani daga wajen Yuni zuwa Satumba. Lokacin ruwan sama mai ƙarfi, wato Afrilu da Mayu, masaukai da yawa sukan rufe.

Gandun teku

A shekarar 1995 aka kafa gandun kare halittun teku na Mafia, irinsa na farko a Tanzaniya, mai faɗin murabba'in kilomita 822. Kafin nan kamun kifi da nakiya ya yi wa duwatsun murjani ɓarna mai yawa. Duk baƙon da ya sauka a cikin gandun yana biyan kuɗin shiga na kowace rana. Sai dai ƙauyuka da dama suna cikin iyakarsa, kuma hana wasu nau'o'in koma da rufe wasu wuraren su ya jawo taƙaddama tsakanin hukumar gandun da masunta, musamman na tsibirin Jibondo, waɗanda ba su da ƙasar noma sosai, da teku suka dogara.