Dutsen Dala da Haƙƙin Tarihi a Kanmu

Duk mai nazarin kafuwar birnin Kano, daga Dala yake farawa. Dutsen ba wani babba ba ne, ƙololuwarsa mita 534 ce sama da teku, kuma mai ƙoshin lafiya kan hau shi cikin 'yan mintoci. Amma a gindinsa aka fara zaman da ya zama birni. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, kula da Dala aikin ilimi ne, kuma ƙyamar tsafin da aka taɓa yi a wurin ba ta isa hujjar barinsa ya lalace ba.

Tarihin Sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe, jagoran tsafin wurin, a kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Idan lokacin ya gabato, mutane sukan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala da almuru. Dare na yi sai Barbushe ya fito da makaɗansa, ya ja su zuwa wurin Tsumburbura, wata itaciya da aka kewaye da katanga. Shi kaɗai ke shiga, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. Wannan ziyara ce ta ibada a ma'aunin mutanen wancan zamani, amma kuma taron siyasa ce, domin wanda ƙauyuka ke haɗuwa a ƙofarsa kowace shekara, shi ke da ta cewa a ƙasa.

Sai dai ba tsafi kaɗai ya tara jama'a a nan ba. Dala na da tama, kuma matoyar ƙarfen da aka tono a gindinsa, gwajin kimiyya ya kai shekarunta wajen ƙarni na 7 Miladiyya, tun kafin zuwan Sarki Bagauda da ake sanyawa a 999. Hakan ya dace da labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce sun zo daga Gaya neman tama. Ƙarfe ya ba da fartanya da mashi, rafin Jakara ya ba da ruwa, dutse ya ba da mafaka. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ta zo ne ta kare zaman da ya riga ya kafu.

Akwai masu ganin cewa ɗaukaka Dala tamkar farfaɗo da maguzanci ne. Damuwarsu ta kare tauhidi ce, kuma ta cancanci amsa. Bautar Tsumburbura ta daɗe da mutuwa: Sarki Tsamiya (1307–1343) ya rushe katangarta, Wangarawa suka zo da Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya karɓi Shehu Magili. Sannan wa ya adana mana sunan Barbushe? Marubucin Tarihin Sarakunan Kano ne, Musulmi, da alƙalami da tawada, wanda masanin tarihi John Hunwick ya kai zamanin rubutunsa ƙarshen ƙarni na 19, lokacin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wato bayan jihadi. Bai ga laifin rubuta abin da magabata suka yi ba, domin da shi ake gane girman sauyin da Musulunci ya kawo. Alƙur'ani ma ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata.

Mu mutanen Kaugama da sauran ƙasar Haɗeja, da muke cikin Jihar Kano har zuwa 1991, mun fi kowa sanin tsadar shaidar da ba ta motsi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ta fadama da jigawa, gininmu na ƙasa ne, ambaliya kuma kan tashi gari ta bar kufai, bayan 'yan shekaru kufan ya koma gona. Kano ta yi sa'a, shaidarta dutse ce, wanda matafiyi Heinrich Barth ya hau a 1851 ya zana birnin daga kansa. Duk da haka, ruwan sama na zaizaye shi, gidaje sun matse gindinsa, shara kuma ta samu wuri. Kowane harsashin gini da aka haƙa a nan ba tare da masana sun duba ba, yana iya tafiya da matoya ko kasko da ba za a sake samu ba.

Tun 2007 Dala ke cikin jerin share fage na UNESCO, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Ya kamata Gwamnatin Kano da Masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su shata iyakar dutsen, su tsayar da gini a cikinta, su magance zaizaya, su kuma ba masana daga jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello damar tono abin da ya rage. Malaman addini kuma su taimaka wajen fahimtar da jama'ar unguwa cewa tsare wurin ba bauta masa ba ne.